Zangon Wagadugu: Kakin wa zai kare wanda ba shi da 'yan banga?

Titin Kwame Nkrumah shi ne adon Wagadugu. Bankuna, otal-otal, ofisoshin kamfanonin jiragen sama da gidajen abinci masu ƙofar gilashi duk a kansa suke jere. Shi ne kuma titin da ya fi kowanne ganin jini a birnin. Ranar 15 ga Janairun 2016 'yan bindiga suka afka wa gidan abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid, suka kashe mutum 30. Ranar 13 ga Agustan 2017 aka sake, wannan karon a Aziz Istanbul, mutum 19 suka rasu. Tun daga nan bindiga ba ta bar kafaɗar masu gadin titin ba.

Baƙon da ya zo yau zai ga benaye sababbi, ya ga filaye da aka kewaye ana jiran mai kuɗin gini. Ba zai ga wata alama da za ta shaida masa cewa a nan Zango yake ba. Mutanen gari suna kiran unguwar Zangouettin, wato mazaunin mutanen zango, kuma har zuwa 2003 ita ce cibiyar Hausawan babban birnin Burkina Faso.

Fataucin goro ne ya kafa ta. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zai nufi Gwanja, kasuwar Salaga, yakan ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, kuma duk inda fatake suka saba yada zango sai wasu su maƙale. Waɗanda suka maƙale a Wagadugu sun zauna ne da izinin Mogho Naba, sarkin Mosawa. Suka yi masallaci da makarantun allo, suka yi mahauta da wanzamai da dillalai, suka auri 'yan gari, jikokinsu suka tashi da yaren More a baki kamar kowa. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta haura shekara ɗari rana ba ta busar da ita ba.

Tsaron irin wannan unguwa a da bai dogara da kaki ba. Falke ya sauka gidan maigidansa, maigida ya tsaya masa a ciniki da bashi da rigima. In abu ya fi ƙarfin maigida sai liman ko sarkin zango, in ya fi ƙarfin waɗannan sai fada. Kowa ya san wanda zai hukunta shi, ya san gidansa, ya san wanda zai kai ƙara gare shi in an zalunce shi. Ba tsari ne na mala'iku ba, mai dukiya yakan fi talaka baki. Amma mai hukunci da wanda ake hukuntawa sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a, kuma wannan kaɗai yana taka wa mutum birki.

Kaki ya shigo ne da Faransawa. A watan Satumbar 1896 Laftanar Voulet ya kama Wagadugu, Mogho Naba Wobgo ya yi hijira. Wannan Voulet ɗin ne dai, da abokinsa Chanoine, suka bi ta ƙasar Hausa a 1899, suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, suka yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni. Dogaran da mulkin Faransa ya kafa bayan haka aikinsu karɓar haraji ne da kamo mutane aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Talakan ƙasar bai fara sanin mai kaki a matsayin wanda ake kira in ɓarawo ya shigo ba, ya san shi ne a matsayin wanda ake ɓuya in an hango.

Bahaushe kuwa ya san kakin ta ciki da ta waje. A 1863 John Glover ya kafa rundunarsa a Legas da Hausawa, galibinsu bayi da suka gudu, daga baya Turawan Ingila suka yi irin wannan a Gold Coast. Dabarar ɗaya ce: a sa baƙo ya tsare ɗan gari, domin baƙo ba shi da ƙanin uwa a cikin waɗanda zai daka. A Legas da Kumasi an daɗe ana kallon Bahaushe a matsayin fuskar hukuma. A Wagadugu shi ne hukuma ta zo ta tasa.

Sunan shirin tayar da unguwar ZACA, taƙaitawar sunan Faransanci mai nufin yankin kasuwanci da ofisoshin gwamnati. A 2001 gwamnatin Blaise Compaoré ta sanar da cewa za ta share kusan hekta 85 a tsakiyar birni, ta tayar da mutum wajen 12,500 daga Zangouettin da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo, Peuloghin, Kamsaoghin da wani yanki na Koulouba. Hujjar da aka bayar ita ce unguwannin sun tsufa, sun cushe, ba tsabta, ba su dace da babban birni na zamani ba. Akwai gaskiya a maganar kwata da cunkoso. Sai dai unguwannin da aka zaɓa mafi yawan mazaunansu Musulmi ne 'yan kasuwa, Hausawa da Fulani da Yarse da Yarabawa da Mosawan da suka cakuɗu da su, mutanen da ba su cika yawa a ofisoshin da ake zana taswira ba. Malamai suka shige gaba wajen ƙin tashi, wani dattijon limami, Alhaji Saïdou Bangré, ya zama muryar masu turjiya, matasa suka yi ta zanga-zanga. Wani masanin tarihi ɗan Kanada, Louis Audet-Gosselin, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan dambarwa. A ƙarshe gwamnati ta yi rinjaye. A 2003 aka shiga rusau, aka ba mutane wuraren komawa a gefen Ouaga 2000 can kudu da Nioko ta gabas.

Diyya takardar fili take bi, gidan zango kuwa takarda ɗaya ce a kan magidanta biyar ko goma, ga 'yan haya, ga almajirai, ga baƙin da suka zo sayar da kaya. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Mayu, gobara ta cinye Rood Woko, babbar kasuwar da ke kusa, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mutum ya rasa gida da rumfa a shekara guda. Abin da ya fi ci wa tsofaffin mazauna rai shi ne filin da aka ce ana gaggawar ginawa ya shekara da shekaru yana fitar da ciyawa.

Ɗan sanda bai zana ZACA ba, bai sayi fili ko ɗaya a ciki ba. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Minista yana ofis, mai zanen gini yana ofis, wanda ake gani a bakin titi da kulki da barkonon tsohuwa shi ne gwamnati a idon jama'a.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne kawai ke da ƙorafi da kaki a Burkina. Mosawa, waɗanda su ne kusan rabin al'umma, su ma sun ƙona ofisoshin 'yan sanda. Ranar 20 ga Fabrairun 2011 wani ɗalibi mai suna Justin Zongo ya rasu a Koudougou bayan ya sha duka a hannun 'yan sanda. (Zongo a nan sunan dangi ne na Mosawa, kamar na ɗan jarida Norbert Zongo da aka kashe a Disambar 1998, ba ruwansa da unguwar.) Hukuma ta ce sanƙarau ne ya kashe yaron. Wannan magana ta fi dukan tayar da hankali. Ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa, aka cinna wa ofisoshin 'yan sanda wuta a Yako da Koupéla da Dori da Ouahigouya da sauran garuruwa. A watan Afrilu sojoji suka yi bore suka wawashe shagunan Wagadugu, 'yan kasuwa suka fusata suka ƙona hedikwatar jam'iyya mai mulki, kafin wata ya ƙare su ma 'yan sanda suka yi nasu boren suna harbi sama. A Agustan shekarar kotu ta ɗaure 'yan sanda uku kan mutuwar Justin, biyu shekara goma-goma, ɗaya shekara takwas. Ko kafin wannan, a Disambar 2006, soja da ɗan sanda sun yi musayar wuta a tsakiyar birni har ɗaruruwan fursunoni suka tsere daga babban gidan yari. Ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta REN-LAC kuma, a rahoton da take fitarwa duk shekara, ta sha sanya 'yan sandan birni a saman jerin ma'aikatun da jama'a ke zargi da karɓar na goro.

Inda hukuma ta bar giɓi, wani zai cike. A ƙauyuka, inda ɓarayin shanu da 'yan fashin hanya suka addabi mutane kuma jandarma mafi kusa yana nisan tafiyar yini, sai ga Koglweogo, masu tsaron daji da yaren More. Daga 2015 suka bazu kamar wutar kaka. Suna da bindigogin farauta da babura da layu, suna kama ɓarawo su ɗaure shi a bainar jama'a, su zane shi, su ci shi tara mai tsanani. Manoma da 'yan kasuwa da yawa sun yaba musu, don kuwa sata ta ragu a wurare da dama, kuma akuyar da aka sace takan dawo, abin da ba kasafai ake gani a hannun hukuma ba. Gwamnatin Roch Marc Christian Kaboré ta rasa yadda za ta yi da su. Ministan tsaron cikin gida na lokacin, Simon Compaoré, wanda shi ne magajin garin Wagadugu lokacin da aka rushe Zango, ya yi ƙoƙarin shigar da su ƙarƙashin tsarin tsaron al'umma a 2016.

Matsalar ita ce Koglweogo yana da ƙabila. A tsakiya da arewa fuskar Mosawa gare shi, a gabas ta Gurmawa. Da suka nemi shiga yamma sai maharban gargajiya na can, wato Dozo, suka ce ba a ƙasarsu ba. Ranar 1 ga Janairun 2019 'yan bindiga suka kashe hakimin ƙauyen Yirgou da wasu mutanensa, sai Koglweogo suka bi rugagen Fulani suna ramuwa kwana da kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu. Ƙungiyar CISC, wadda aka kafa bayan abin don yaƙi da tsangwamar ƙabilu, ta ce sun haura 200. A Disambar 2019 aka kama shugaban Koglweogo na Boulsa, Boureima Nadbanka, magoya bayansa suka tare hanyoyi, a Fabrairun 2020 aka sake shi.

Kafin a sake shi ma majalisa ta riga ta ɗauki hanya. Ranar 21 ga Janairun 2020 ta amince da dokar kafa 'yan sa-kai na VDP: horon kwana 14, bindiga, ɗan alawus. Akwai wani sharaɗi a dokar da ya yi kama da hikima, cewa sai taron mutanen ƙauye ya amince da mutum kafin a ɗauke shi. A ƙauyen da manoma ke zargin makiyaya da haɗa baki da 'yan ta'adda, ba sai an tambayi wanda taron zai amince da shi ba. Masu bincike irin su International Crisis Group sun nuna cewa Fulani kaɗan ne suka samu shiga. Da Kyaftin Ibrahim Traoré ya karɓi mulki ranar 30 ga Satumbar 2022, ya nemi ƙarin mutum 50,000, kusan 90,000 suka rubuta suna. Adalci ne a faɗi cewa waɗannan mutane suna mutuwa a bakin daga, kuma ba domin su ba da garuruwa da yawa sun faɗi. Da aka kashe Ladji Yoro, fitaccen jagoransu na Titao, tare da mutum 40 a Disambar 2021, zaman makoki ƙasa ta yi. Adalci ne kuma a faɗi cewa an tsinci gawarwaki 28 a Nouna a ƙarshen Disambar 2022, kuma Human Rights Watch ta ce an kashe Fulani fararen hula aƙalla 130 a kewayen Solenzo a Maris na 2025, zargin da gwamnati ta musanta.

Mutumin Zamfara ko Katsina ba ya buƙatar tafinta a nan. Ya san 'yan sa-kai, ya san yadda aka fara da kama ɓarawon shanu aka ƙare da yanka mutum a kasuwa don an ji harshensa. Ya kuma ga yadda gwamnoni suka ɗinka wa abin kaki, Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024.

To ina Bahaushen Wagadugu a wannan rabo? Ba shi ake farauta ba, Bafulatani ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Amma a duba abin da yake da shi. Ba shi da ƙauyen da taronsa zai ɗora shi a jerin 'yan sa-kai. Ba shi da sarkin ƙasa, ba shi da Koglweogo, ba shi da Dozo. Unguwar da ta tara shi wuri ɗaya har ake jin muryarsa an warwatsa ta tun 2003. Sana'arsa kuma ta hanya ce: kasuwar Pouytenga, Fada N'Gourma, Kantchari zuwa Yamai, ko kudu zuwa Kumasi, kuma kowane shinge yana da mai tsaronsa da yarensa da abin da yake tuhuma. Katin shaidar ɗan ƙasa yana aljihunsa, amma sunan da ke kai sunan da ake ji ne a Maraɗi ko Sakkwato. Wanda ke cikin irin wannan hali ya fi kowa buƙatar ɗan sandan da ba na kowa ba, wanda zai dubi kati ya mayar ba tare da ya tambayi asalin kaka ba. Mutanen zango sun san abin da ke faruwa in hukuma ta fara wannan tambaya: a Nuwambar 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zangunan Kumasi da Akara suka yi kwasar da har yau ake labari, har da waɗanda a can aka haife su.

Ta fuskar alamomi kam, Burkina ba ta da na biyu. Shugaba Thomas Sankara ya sauya sunan ƙasa ranar 4 ga Agustan 1984, ya haɗo shi daga More da Jula, sunan ɗan ƙasa kuma ya ƙare da kari na Fulatanci, domin manyan harsuna uku su ga kansu a ciki. Gwamnatin Traoré ta bi sawu da sauri. A ƙarshen 2023 aka sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma zuwa harshen aiki. A 2024 aka dawo da kirarin juyin juya hali na Sankara a madadin mai kalmomi uku, haɗin kai da ci gaba da adalci, aka kuma ɗinka wa alƙalai riguna da saƙin gida na Faso Dan Fani. Fasfo ya rabu da tambarin ECOWAS, na ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ya maye gurbinsa. A 2025 aka fito da wata rundunar ladabtar da masu ƙazanta da karya dokar hanya, aka raɗa mata suna Laabal, kalmar Fulatanci mai nufin tsabta. Matasa da yawa suna alfahari da waɗannan abubuwa, kuma ba wawaye ba ne. Alƙali cikin saƙin kakarsa ya fi alƙali cikin rigar Faris kyan gani. Sai dai sunan runduna da Fulatanci bai gaya wa kowa Fulani nawa ne ke riƙe da bindigar hukuma ba.

Akwai inda aka gwada sauya tambari aka ci riba, kuma yana da kyau a ga dalili. A Ireland ta Arewa, 'yan Katolika sun ɗauki rundunar 'yan sanda ta RUC a matsayin sojan Furotesta, ga kambin sarautar Ingila a hula, ga kalmar sarauta a suna, su kuma ba su wuce kashi 8 cikin ɗari na jami'anta ba. Kwamitin Chris Patten ya kawo shawarwari 175 a 1999. A Nuwambar 2001, shekarar da aka sanar da ZACA, aka sauya suna zuwa PSNI, aka yi sabon tambari da ya haɗa kambi da molon Irish da ganyen shamrock da ma'aunin adalci wuri ɗaya. Jaridu sun fi yayata wannan, amma abin da ya yi aiki yana ƙasa: doka ta ce duk ɗaukar sababbin jami'ai rabi Katolika ne, aka yi haka shekara goma har suka kai kusan kashi 30, aka kuma kafa ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙarar da aka kai a kan ɗan sanda, wanda shugabarsa ta farko, Nuala O'Loan, ta tono abubuwan da manyan jami'ai ba su so ba. Duk da haka sai a 2007 jam'iyyar Sinn Féin ta ɓangaren Katolika ta yarda ta mara wa rundunar baya. Sabuwar hula ta zo ne tare da sababbin kawuna da kuma wurin kai ƙara.

Wagadugu ma tana da hukumar da ake jin maganarta ba tare da kulki ba. A Satumbar 2015, da Janar Gilbert Diendéré da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa ta RSP suka yi juyin mulki, sauran sojoji suka taso daga barikokin larduna suka kewaye birni, a fadar Mogho Naba Baongo aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta hana su far wa juna. Duk safiyar Juma'a sarkin yakan fito da jajayen kayan yaƙi, fadawa su ba shi baki, ya koma ya sake fitowa da farare. A ƙarƙashin inuwar wannan fada Zango ya rayu tun farko. Amma fada sulhu take yi tsakanin manya, ba ta da mutum a shingen hanyar Dori.

Wurin kai ƙara shi ne abin da ya yi ƙaranci. Kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré da Diendéré ɗaurin rai da rai a Afrilun 2022 kan kisan Sankara, bayan shekara 34 da wani abu. Shari'ar Norbert Zongo tana nan, babban wanda ake zargi, François Compaoré, bai zo gaban alƙali ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan Yirgou shi ne sakataren CISC, Dokta Daouda Diallo, masanin haɗa magunguna da ya samu lambar yabo ta Martin Ennals a 2022. Ranar 1 ga Disambar 2023 ya je ofishin fasfo a Wagadugu sabunta takardarsa. Yana fitowa wasu mutane cikin kayan gida suka tura shi mota a wurin ajiye motoci. Bayan 'yan kwanaki hotonsa ya bazu a intanet, yana bayan motar soja, sanye da kaki. Sunansa na cikin waɗanda aka tilasta wa zuwa bakin daga a ƙarƙashin dokar gangamin yaƙi ta Afrilun 2023, dokar da aka yi amfani da ita a kan 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, daga baya har da alƙalai. An sake shi ranar 7 ga Maris na 2024.